Gyatsar Alhaji Sagir

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san ban isa ba. Ga shi dai.

Alhaji Sagir mai atamfa yana durƙushe a ƙofar rumfarsa cikin Babbar Kasuwa, ya dafe ciki yana nishi, lokacin da Haulat ta ɗago kai daga littafinta.

"Furarki ce, Fatu!" in ji shi. "Ita na sha yanzun nan. Mi kika zuba ciki?"

Fatu, mahaifiyar Haulat, ta shekara goma sha biyar tana kawo fura da nono daga Batagarawa zuwa layin nan. Nan take mutum biyu suka ajiye ludayi. Haulat ta san in maganar nan ta zaga kasuwa, gobe ba mai kallon ƙwaryarsu.

Yarinyar da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, sai ga ta gaban Alhaji.

"Baba Alhaji, kafin furar, mi ka ci?"

"Ba komi!"

"Haba Alhaji, ji tsoron Allah," in ji Murtala tela, maƙwabcinsa. "Soyayyen naman layya fa? Tun hantsi kake jefa shi baki kamar gyaɗa. Ga ɗanwaken da ka ɗora mashi."

Haulat ta dubi cikin, ya kumbura tim kamar ganga. Ta ruga wurin mai shayi, ta karɓo ruwan zafi da dakakkiyar citta da kanumfari. Ta kwance haɓar zanen mahaifiyarta, ta gutsuri jar kanwa, ba ta wuce ƙwayar dawa ba, ta haɗa su cikin ruwan ta miƙa mashi. Kakarta takan ce kanwa kamar faɗa take, kaɗan ke gyara.

"Kurɓa a hankali, Baba. Sannan ka tashi ka taka."

Ya kurɓa yana yatsina fuska. Ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sake zuwa. A dawowa ta uku ya tsaya cak, ya saki wata gyatsa da ta sa akuyar da ke bakin kwata ta zabura.

Layi ya kece da dariya.

"Alhamdulillahi!" Alhaji ya share gumi da hularsa. "Fatu, yafe mani, na ɗauki alhakinki. Dama ma kowa fura, ni na saya. Har da ni."

"Kai kuma? Yo ba ka daddara ba?" in ji Murtala.

Masu ludayi suka koma kan furarsu. Fatu tana damu tana murmushi.

"Wai ina ɗiyar nan taki?" Alhaji ya waiga.

Haulat kuwa tuni ta sulale ta bayan dilolin atamfa, littafinta a ƙirji.