Idon Ruwan Orpha Dunleavy

A yankinmu na Wyoming idon ruwa ɗaya ne ba ya ƙafewa da rani, shi ne na gindin tudun Orpha Dunleavy. Mijinta ya rasu ya bar mata tumaki da bindiga da wannan ruwa. Laifinta ɗaya: wani ƙaton ƙadangare ya zaɓi ya mutu a kan tudun tun kafin a halicci tunkiya, kuma masu ilmi suka samu labari.

Lemuel Haskett ne ya zo da mahaƙa, a madadin Farfesa Whitcomb na wata jami'a can gabas. Suna tono ƙashi, su naɗe shi da buhu da filasta, su ɗora a keken doki zuwa tashar jirgin ƙasa. Orpha ta ƙyale su, har kofi take dafa musu. A tsallaken kwari kuma mutanen Farfesa Garrick suka kafa tanti, ba su da aiki sai leƙe da madubin hangen nesa. Farfesoshin nan biyu sun yi shekaru suna zagin juna a mujallu, da harshen Latin, don kada talaka ya gane zagi ne.

Da sanyi ya ƙarato an kwashe kai da wuya da haƙarƙari, saura ƙugu da wutsiya a cikin dutse. Masu wannan sana'a suna da al'ada: abin da ka kasa ɗauka ka ragargaza shi, kada abokin hamayya ya samu. Duk wannan don ci gaban ilmi.

Farfesa Whitcomb ya zo da kansa, da laimarsa. Orpha na shanya wanki ta ga ana hawa tudu da akwati.

"Kai Lemuel, me ke cikin akwatin nan? Kada ka ce min biskit ne."

"Ɗan gyara za mu yi, Madam."

"Gyara da nakiya? Daga cikin dutsen nan ruwana ke fitowa. Da shi kake wanke gemun nan naka, ranar da ka tuna."

Farfesa ya ɗaga hula cikin ladabi. "Uwargida Dunleavy, kin san abin da zai faru idan Garrick ya samu wutsiyar nan? Suna zai raɗa mata, ya ce sabuwar dabba ya gano!"

"To ya raɗa mana! Ka riƙe kai, ya ɗauki wutsiya, kowa ya je ya yi miya."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Tsofaffi biyu na faɗa kan ƙashi. Karnukana ma suna yi, amma ba su taɓa fasa min ruwa ba."

Lemuel ya sunkuyar da kai. Farfesa ya dubi agogo, domin jirgi ba ya jira. Orpha ta jefar da wanki ta nufi gida ɗauko bindiga. Ba ta kai ƙofa ba ƙasa ta girgiza.

Ruwan ya fara da zama laka, ya koma zare-zare, sannan ya ɗauke. Lemuel ya dawo da shebur ya yi ta tono har tafinsa ya fashe, bai samu ko danshi ba. Tumaki suka riƙa tsayawa a bakin busasshen ramin suna kuka. Kafin ƙanƙara ta sauka Orpha ta sayar da su, ta ɗaure kayanta ta koma Nebraska wurin ƙanwarta.

Nakiyar kuwa ta yi aiki fiye da yadda aka sa ta. Ta ɓare gefen tudun, ta tone wani ƙadangaren wanda ya fi na farko girma, cikakke har wutsiya. Mutanen Garrick suka tsallako da farantan abincinsu a hannu suna kallon rabonsu.

Farfesa Whitcomb dai bai manta alheri ba. Ya raɗa wa rabin dabbarsa sunan Orpha, da ɗan ƙarin Latin a ƙarshe. Dabbar tana nan tsaye a gidan tarihi da wutsiyar filasta, an kewaye ta da igiya kada wani ya yi mata ɓarna.