Zanen Nuratu a Bayan Labule

Bayan sallar Azahar na kishingiɗa a kan benci a shagona na Zariya, raina a dagule, barci ya ɗauke ni. An san shagon nan da ƙawataccen rubutun ayoyi da zanen ƙofofin gari. Amma Nuratu, 'yar marigayi abokina, ta kawo mini nata zane-zanen in sayar mata: ɗakin asibiti, mahaifiyarta kwance ana ƙara mata ruwa, masu jinya na gyangyaɗi. Kunya ta sa na karɓa, na jingine su a bayan labule. Da safen nan wata likita ta hango su ta tambaya, na karkatar da ita zuwa kayana. Niyyata gobe in ce wa Nuratu ba wanda ya taya.

Sai na gan ni a wani birni mai zafi, ba inuwa ko ta bishiya. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Malam Jafaru, taho ka gani."

Muka wuce wasu mutane da manyan katakai rataye a wuyansu, nauyi ya sunkuyar da su har haɓarsu na jan ƙasa. Na ce, "Baba, su wane ne waɗannan?"

Ya ce, "Dillalai ne. An ba su aikin hannun mutane, suka sayar, suka ce gara ta cinye."

Can gaba wani na lalubar fuskarsa, ba ido ba hanci, fes kamar allon da aka wanke. Dattijon ya ce, "Wannan sunayen masu zane yake kankarewa ya sa nasa." Kusa da shi wani mai babbar riga yana lasar hoton rijiya, leɓɓansa sun tsage don ƙishirwa. Shugaba ne da ya cika ofishinsa da hotunan rijiyoyin da bai haƙa ba.

Sannan muka iso wani dogon bango. Mutane jere, goshinsu manne da shi, suna kira ba mai waiwayarsu. Na ce, "Su kuma me suka sata?"

"Ba su saci komai ba. Sun karɓi amana da hannu, zuciyarsu ba ta karɓa ba. Ba su ƙi ba, ba su kuma tallata ba."

Na ce, "Baba, ai kayan ba irin na shagona ba ne. Masu zuwa wurina albarka suke nema su rataya a falo, ba ciwo ba."

Ya dube ni ya ce, "Shagonka naka ne, kana da ikon ƙi. Me ya hana ka faɗa mata ranar da ta kawo? Abin da ba ka da ikonsa shi ne ka sa marainiya ta ɗauka aikinta banza ne."

Ya nuna wani gurbi a jikin bangon, daidai tsawona. Ƙafafuna suka fara ja na can, ina turjewa.

Na farka ina salati, rigata sharkaf da gumi. Na ɗauki waya na kira ta. Na ce, "Nuratu, gobe ki zo. Akwai mai son zanenki, kuma akwai maganar da ya kamata in faɗa miki tun farko."

Ta ce, "Baba, da gaske wani ya tambaya? Ai ni har na ba ƙanwata fentina."

Na ce, "Je ki karɓo."