Turancin Gudun Saƙo

Akwatuna biyu ne kwance a ƙarƙashin gadon Isiyaku, kuma duk unguwar Al-Oud ta birnin Riyad babu wanda ya san abin da ke ciki sai Kamil, abokin ɗakinsa, sai ko kyankyasai. Lefen Muhibba ne, wadda zai aura: abayoyi masu duwatsu, turare, takalma, da wani mayafi ruwan zuma da ya daɗe yana yi wa zawarci a kasuwar Dira kafin ya saya. Yayarsa Hanifa ta riga ta buga ƙirji a gaban dangin amarya a Gusau, ta ce ranar Asabar za a kawo kaya, kuma na Saudiyya ne, ba na Kantin Kwari ba.

To, amma labarin tafiya gida daddawa ne, ba ya ɓoyuwa a aljihu. Ranar da kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake wa tuƙi, ya amince masa hutu, kafin la'asar waya ta fara kuka. Duk Bahaushen da ke Riyad yana da ɗan saƙo. Kuma a tarihin duniya ba a taɓa yin ɗan saƙon da hannu ɗaya ke ɗauka ba.

"Na shiga uku," in ji Isiyaku. "Akwati biyu jirgi ya yarda da su, kuma sun cika. Baba Hussaini tela shi ya samo min aikin nan. Hajiya Jamilatu kuwa tun zuwana tuwonta nake ci. Da wane bakin zan ce musu a'a?"

Kamil direba ne a wani kamfani inda ake shan kofi ana Turanci ta hanci. Ya gyara zama irin na malamai.

"Da bakin Hausa kam ba za ka iya ba, Hausa kunya gare ta. Turanci kuwa ba shi da surukai. Saurara. I'm busy na yara ne. Manya cewa suke I'm tied up, wato aiki ya ɗaure ka. In aka matsa, I'm swamped, aiki ya kawo maka iya wuya. In an ritsa ka, I'm held up, an tsare ka a wani wuri. Ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba, mai hankali zai gane. Manajanmu da su yake korar mutane, har godiya suke masa."

Bayan darasin, Baba Hussaini ne ya fara kira.

"Isiyaku, ka biyo ta shago, akwai ɗan ƙullin dabino da za ka kai wa iyali."

Isiyaku ya rufe ido kamar mai shan maɗaci. "Baba, wallahi I'm tied up."

"Kana me?"

"Aiki, Baba. Ya ɗaure ni tamau."

"Allah sarki. To, Allah ya kawo sauƙi."

Shi ke nan! Isiyaku ya dubi wayar kamar yau ya fara ganinta. Daga nan baki ya buɗe. Hajiya Jamilatu ta sha swamped, har ta tambaya, "Ɗan nan, kana ma samun cin abinci kuwa?" Abdulbasit mai gyaran firji, wanda ke son a kai wa matarsa tukunyar lantarki, ya sha held up, alhali Isiyaku na miƙe a katifa yana suɗe ƙashin kaza. Kafin mako ya ƙare, har mai shagon biredi ɗan Bangaladash sai da aka gaya masa swamped, shi da canji kawai ya tambaya.

Ranar tafiya, don gudun tsautsayin ƙarshe, Isiyaku ya kashe waya ya sulale Dira. Ya zauna a inuwa kusa da ganuwar Masmak, yana kurɓar shayi yana yi wa kansa kirari. Da la'asar ya dawo yana fito.

Takalma ya fara gani a ƙofar ɗaki. Takalman manya.

A tsakiyar ɗakin ga akwatunansa biyu a tsaye, sun yi ciki kamar sun ci biki, an naɗe su da leda, an ɗaure da igiya. Baba Hussaini na zaune a kan ɗaya yana share gumi, ɗan sikelin rataye a hannunsa. Hajiya Jamilatu na rufe kular tuwo. Abdulbasit na murmushin wanda tukunyarsa ta samu masauki.

"Ga ɗan wahala nan!" in ji Baba. "Sannu, Isiyaku. Da muka ji halin da kake ciki, sai na tara jama'a. Na ce yaron nan ko numfashi ba ya samu, mu ma mu ji tsoron Allah, kada mu sa shi yawon karɓar saƙo. Mu kai masa, mu shirya masa. Ga shi mun auna, daidai wa daida."

Isiyaku ya juya ya dubi Kamil, wanda ya lafe a bango.

"Da Hausa Baba ya yi sallama," Kamil ya ce ƙasa-ƙasa, "ni ma da Hausa na buɗe."

Sai a lokacin idon Isiyaku ya kai kan gado. Abayoyi, turare, takalma, an jera su tsaf, an ninke da ninki irin na tela.

"Waɗancan fa, Baba?" ya tambaya.

"Af, su ne ba su shiga ba. Mun duba, kowane ƙulli da sunan mai shi da lambar waya, su kuwa babu suna a jikinsu. Na ce hajar sayarwa ce, ba ta gaggawa. Amanar mutane ita ce gaba."

Isiyaku ya buɗe baki. Tied up ya leƙo, ya ga furfurar Baba da gumin da ya jiƙa masa riga, ya koma. Swamped ko motsi bai yi ba.

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

"Haba, yi wa kai ne. Sauran kuma ka bar wa Kamil, na ji watan gobe zai tafi."

Kamil ya zabura. "Baba, ai ni I'm..." Sai ya ga fuskar tsohon ta fara cika da tausayi, Hajiya ma ta gyara zama. "Ina nan, Baba. Ba ni da aikin komai."

A hanyar filin jirgi, Kamil na tuƙi, Isiyaku na rungume da kular tuwo, mayafin ruwan zuma kaɗai cuse a aljihunsa. Ya kunna waya. Nan take ta ɗau kuka, sunan Yaya Hanifa na haskawa.

"Malam," ya ce, "wanne ake gaya wa yaya?"

Kamil bai ɗauke ido daga titi ba.

"Ɗauka ka yi mata sallama."