Ranar da Yaya Ta Gwada Manhajar Injiniya

Injiniya irin mutanen nan ne masu ganin duniya ta lalace, kuma su aka bar wa gyaranta. Ya ajiye aikin ofis, ya kafa tebur a ɗakin ajiya tsakanin mataccen firji da keken ɗinkin matarsa, ya ce daga nan zai kayar da manyan kafafen sada zumunta.

Manhajarsa ta fito tsaf. Ba talla, ba alamar an karanta saƙo, ba ɗaukar hoton hira, saƙon murya ba ya wuce minti guda. Abu ɗaya ta rasa: mutane. Abokai sun sauke ta don kara, suka leƙa, suka tarar da shi kaɗai yana ta sallama, suka sulale.

Sai ya nufi gidan Yaya, babbar yayarsu, mai riƙe da zauren dangi a babbar manhajar da kowa ke ciki. In ta tashi, dangi kaf za su bi ta. In ta ƙi, sai ya koma roƙon tsohuwar kujerarsa a ofis.

Yaya ta gyara tabarau ta aika wa 'yarta saƙon gwaji, sannan ta dubi Injiniya.

"Auta, ta ina zan san ta karanta?"

"Ba za ki sani ba, Yaya. Kwanciyar hankali ke nan."

"Hankalin wa? In ban san wanda ya gani ya yi shiru ba, da wa zan yi fushi?"

Ta danna saƙon murya. Tana tsakiyar tambayar lafiyar yara, abin ya yanke.

"Au! Ko gaisuwa ban gama ba. Wane marar tarbiyya ne a ciki?"

"Tsari ne, Yaya."

"In matar kawu ta yi magana ta goge fa, da me zan kafa shaida?"

Injiniya ya koma gida yana huci, ya rantse ba zai taɓa aƙidarsa ba. Kafin mako ya zagayo ya mayar da alamar karatu. Ya cire wa saƙon murya iyaka, kowa ya yi ta zuba son ransa. Ya buɗe ɗaukar hoto, har da madanni babba don masu raunin ido.

Yaya ta juya wayar, ta jinjina kai.

"Yanzu ka yi aiki. Sak waccan! Allah ya yi albarka, yau zan sanar."

Ta kuwa cika alkawari. Dangi suka yi ca da addu'a. Kawu ya ce tun Injiniya na rarrafe ya ga alamar basira a goshinsa. Gwaggo ta yi kukan daɗi cikin saƙon murya, 'yan uwa na nesa suka nemi a ba 'ya'yansu aiki a kamfanin. Injiniya ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya yana amsa "amin", idonsa ya ciko.

Duk a tsohuwar manhajar aka yi wannan.