Motar da Ta Tare wa Uzairu Ƙofa

"Ku ɗan karkata ta," in ji liman.

Muka karkata makarar, ta shige ta tsakanin mota da bango tana karce fenti. Sai da ta isa tsakar gida muka tsaya muna kallon juna. Makara tana shiga a karkace in babu kowa a cikinta, amma ba a fito da mamaci a haka.

Uzairu da kansa ya toshe ƙofar. Maƙwabcina ne a unguwar Congo-Russia, katanga ɗaya ta raba mu. Ƙaramar bas ce ya karɓo daga wani kamfani yana biya kaɗan-kaɗan, yana jigilar ɗalibai a Titin Bauchi. Bai taɓa saɓa biya ba, wannan zan shaide shi. Sai dai akwai sharaɗin cewa dole motar ta kasance da cikakkiyar inshora har a gama biya, in ta ƙare ba a sabunta ba, kamfani ya ɗauke abinsa. Da ciwon ƙoda ya kama shi, kuɗin inshorar ya tafi asibiti. Ya yanki 'yar ƙaramar inshorar nan ta nuna wa 'yan sanda, ya ce ai takarda takarda ce.

Kamfani bai yarda ba, ya fara aiko ma'aikacinsa Arinze da janwe, motar jan motoci. Wani ya gaya wa Uzairu cewa ba su da ikon taɓa abin da ke cikin gida, sai na kan titi. Nan take ya sa aka tura motar da baya cikin siririn lungun shiga gidansa, aka cire tayoyi, aka ɗora ta kan bulo. Daga ranar kowa a karkace yake shiga, ciki a tsuke. Matata, da Allah ya hore wa jiki, ta koma gaishe su ta kan katanga.

Na ce masa wannan taurin kai ne. Ya ce, "Baban Kubra, ita kaɗai zan bar wa yara."

To, ga shi ya cika da hantsi, an yi masa wanka da sutura, motar kuma tana nan inda ya kafa ta.

"Ina tayoyin?" liman ya tambaya.

Matarsa Ummusalma ta amsa daga bayan labule. "Sun tafi wankin ƙoda, Malam."

Aka aika neman aro, ba a samu waɗanda suka yi daidai ba. Hadari ya haɗu, masu gina kabari suka bugo waya cewa in ruwa ya sauko ramin zai cika. Na ce a kawo tsani, a miƙa shi ta kan katangata, a fita da shi ta ƙofata. Maza suka ce haka ne, lalura ce.

Ana cikin haka janwe ta shigo layin. Arinze ya ga tabarmi da jama'a, ya kashe inji, ya sauko ya cire hularsa.

"Sorry, sorry. Ban sani Oga Uzairu ya mutu ba. Zan tafi. Ni ban ga komai ba."

Ummusalma ta fito cikin hijabi, ta tsaya a bayan motar. Fuskarta kawai muke gani ta cikin gilashi.

"Ka ja ta," ta ce.

"Madam, in na sa sarƙa, sai ofis fa. Akwai tiraka a ciki, oga yana ganin inda mota take a waya. Ba zan iya dawo da shi ba."

Na ce, "Maman Ashraf, ki yi tunani. Katangar ba ta da tsawo."

"Baban Kubra, ta ƙofar nan ya shigo da ni, ta nan ya fita neman abincinmu. Ba ɓarawo ba ne da za a tsallakar da shi."

Na ji haushinta a lokacin, don na san abin da ke tukunyar gidan. Amma liman ya sunkuyar da kai, ni kuwa wane ne.

Arinze ya ɗaura sarƙa. Motar ta sauko daga kan bulo, ta fito tana jan ciki da ƙara har haƙoran mutum su mutu. Ya janye ta gefe, ya tsaya bai tafi ba, sai da makara ta fito a miƙe, kafaɗa biyu gaba, biyu baya, ta wuce shi. Mun gama rufe kabarin ke nan ruwa ya kece.

Washegari da safe ina buɗe shagona na hango Ummusalma a lungun, da bokiti da tsintsiya, za ta wanke baƙin man da motar ta bari. Lungun fayau, babu komai sai fasassun bulo. Ta juya kafaɗa, ta manna bayanta da bango, ta taho a karkace.