Mutuwar Mai Laima

Chiharu na tsaye a layin mai sayar da wainar wake mai zaƙi a tashar jirgin ƙasa lokacin da wayarta ta yi ƙara. Hoshikawa ne, shugaban editocin kamfaninsu.

"Kin isa?"

"Ko jirgi ban shiga ba, oga."

"To ki ɗaga ƙafa. Gobe da safe talla za ta fita, kada tsohon ya tsinci labarin a waya kafin ya ji daga bakinmu. Ki lallaɓa shi, ai ke 'yar gida ce."

Ta ce to, ta kashe. Da layi ya zo kanta sai ta nuna babban kwali maimakon ƙaramin da ta saba saye. Tana karɓa kunya ta kama ta, kamar mai sayarwar ta san dalilin da ya sa yau aka ƙara girman tsarabar.

Kamfaninsu littattafan zane na jarumai yake bugawa, kowane jarumi da littafinsa da mai zana shi. Kasuwa ta daɗe tana ja da baya, shi ya sa aka shirya abin da aka sa wa suna Gangamin Jarumai: labari guda da zai tattara jaruman kamfanin gaba ɗaya su tunkari maƙiyi ɗaya, a riƙa fitar da shi kashi-kashi daga farkon bazara. A zaman da aka yi don tsara shi, kowa ya kawo tasa, babu wadda ta motsa ogan. Sai Chiharu ta ji bakinta yana cewa babu mai sayen yaƙin da kowa zai koma gida lafiya, dole a kashe wani, kuma wanda mutane suka girma da shi. Aka ce wa ke nan? Ta ce Mai Laima.

Sai Hoshikawa ya bugi tebur yana dariya. Kafin a tashi an damƙa mata ragamar Gangamin baki ɗaya. Ta ji daɗi a ranar, wannan ba ta iya musunsa ko a zuciyarta. Har nama ta saya wa kanta a hanyar gida.

Mai Laima jarumi ne da ba ya duka. Laimar ƙarfe gare shi, in gini na rushewa ko wuta na zuba sai ya buɗe ta a kan mutane ya tsaya. Malam Tsurumi ne ya ƙirƙiro shi tun yana saurayi, kuma sama da shekara talatin shi kaɗai ke zana shi, amma a takarda mallakin kamfani ne. Malam Tsurumi kuwa shi ne mai zanen farko da aka haɗa Chiharu da shi tana sabuwar ma'aikaciya. Wata rana ta kai shafukansa maɗaba'a a hargitse, littafi ya fito ƙarshe a tsakiya. Tsohon ya buga waya ofis ya ce shi ya yi kuskuren lamba. Da ba don haka ba, da tuni an sallame ta.

Jirgin ya bar dogayen gine-ginen Tokyo, ya shiga bin gefen teku. Ta yi ta jera maganar da za ta faɗa tana rushewa. A Odawara ta sauka ta hau bas, ta sauka a ƙasan tudu, ta taka zuwa gidan katakon da take zuwa Larabar farko ta kowane wata don karɓar shafuka.

Fusae, matar Malam, ita ta buɗe ƙofa.

"A'a, Chiharu! Yau ba ranarki ba ce. Kai tsoho, rufe kwalbar tawadar nan, 'yar sandarka ta zo!"

"In shafi take nema ki ce na mutu!" muryarsa ta fito daga ciki.

Chiharu ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta cire takalmi, ta rusuna, ta miƙa kwalin da hannu biyu. Fusae ta auna shi a tafin hannu, ta dubi kwalin, ta dube ta, ta wuce kicin.

Malam Tsurumi na zaune a kan tabarma gaban ɗan gajeren teburinsa, tabarau a goshi, hannun rigarsa duk ɗigon tawada. Ya rame fiye da watan jiya, amma idonsa na nan da ƙyallinsa.

"Zauna, zauna. Kin zo a kan gaɓa. Dubi nan." Ya turo mata wasu takardu. "Na baɗi ne. Ambaliya za ta ci garin, laima kuwa ba ta tare ruwan da ya taso daga ƙasa. To ya zai yi? Sai ya kifa ta ta zama kwalekwale! Shekara nawa ina riƙe da laimar nan ban taɓa tunanin juya ta ba. Tsufa ma da ranarsa."

"Ya yi kyau ƙwarai, Malam."

"Ya yi kyau kawai? Ke da kike tsefe mini shafi kamar mai neman ƙwarƙwata? Ba ki da lafiya ne?"

Fusae ta kawo koren shayi da wainar a faranti, ta durƙusa a gefe. Chiharu ta ɗora hannuwanta a kan cinya, ta kafa ido a kan tururin kofi.

"Malam, kan maganar Gangami na zo."

"Na ji za a tara su duka, har da ɗan iskan nan mai harba wuta da ido. Nawa dai a ba shi wuri a baya, ba ya son hayaniya."

"Ba a baya zai tsaya ba. A kashi na ƙarshe..." Ta sake farawa. "A kashi na ƙarshe zai mutu. Daga nan kuma za a rufe littafinsa."

Tsohon ya sauko da tabarau daga goshi ya sa, kamar maganar rubutu ce da zai karanta.

"Irin mutuwar da ake dawowa bayan wata shida?"

"A'a, Malam. An ce ba dawowa."

"Wa ya ce?"

Ga wurin da ta yi ta shiryawa a jirgi. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Daga sama aka yanke."

"Daga sama," ya maimaita, yana gyaɗa kai. Ya tattara takardun ambaliyar a hankali, ya daidaita gefensu, ya kifa su. "To. Ruwan sama dai ai aikin Mai Laima ne. Wa zai zana?"

"Ibuki. Wanda ya fara bara."

"Yaron da ke zana hannu kamar cokali mai yatsu? Mu gani."

Ta ciro shafukan gwaji daga jaka. Ya shimfiɗa su, ya duƙa a kansu ya daɗe. Ga sauran jarumai suna fafatawa a sararin sama, ga Mai Laima a ƙasa, maƙiyi ya lallaɓo ya soke shi ta baya, ya faɗi rub da ciki, laimar na gefe a naɗe. Chiharu ta san kowane layi na wannan shafi, don ita ta tsara wa Ibuki shi a bayan takardar abinci.

"Na janye maganata, hannun yaron ya gyaru," in ji Malam. "Yana da ido. Amma wanda ya tsara wannan bai san mutumina ba, ko kuma ya sani ya manta." Ya ɗora yatsa a kan laimar. "A rufe take. Ga mutane can suna gudu, duwatsu na zubo musu, laima a rufe? Tun da na fara zana shi bai taɓa naɗe ta ba in akwai ko kyanwa a ƙarƙashi."

"Haka ne, Malam."

"Su kashe shi, nasu ne, na sa hannu tun ina da gashi. Amma ki kai mini saƙo wurin wanda ya yanke wannan shawara. Ki ce tsoho ya ce a bar laimar a buɗe. Za ki iya?"

"Zan isar."

Ya jawo farar takarda da fensir. Ya fara zane. Chiharu na kallo siffar ta fito: Mai Laima a durƙushe, kansa ya sunkuya, rai ya riga ya fita, amma hannayensa biyu sun ƙanƙame sandar, laimar a buɗe, a ƙarƙashinta wata tsohuwa da mai kai saƙo a keke da yara sun dunƙule. Bai zana hawaye a fuskar kowa ba.

"Ga shi. Ki ba yaron ya yi da hannunsa, kada a sa sunana." Ya miƙo mata. "Ke kuma daina wannan fuskar. Na san kin yi faɗa a kai. Na san halinki, ƙila har kin ɗaga wa Hoshikawa murya. Mutum ɗaya ba ya ture ɗaki guda."

"Malam, ni..."

"Sha shayinki, ya huce. Fusae, ba ta wainar nan, ita ta sayo, ta taya mu. Wannan uban kwali sai ka ce za a yi sadakar mutuwa."

"Ai ita ake yi," in ji Fusae.

Ya yi dariya har da tari. Chiharu ta ɗauki waina ta gutsura. Ya shiga ba ta labarin wani mai karatu da ya taɓa aiko masa da laimar gaske ta ƙarfe wadda sai mutum biyu suka ɗauka, ta yi dariya a inda ya kamata. Da ta tashi tafiya bai rako ta ƙofa ba kamar yadda ya saba. Ya ce gwiwa ta matsa masa. Ta rusuna sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ya riga ya juya yana kallon bishiyar lemo ta taga.

Fusae ta zura takalmi ta ce za ta sayo tofu, wato awara, a ƙasan tudu. Suka gangaro tare, tsohuwar na riƙe da gwiwar hannun Chiharu saboda santsin hanya. Sai da suka kai wurin jiran bas Fusae ta yi magana.

"Ke ce, ko?"

Chiharu ba ta iya kallonta ba.

"Ni ce, Mama. Ba wanda ya sa ni. Ni na kawo sunansa."

"Na gani tun daga kwalin."

"Malam... ya sani?"

Fusae ta yi ɗan tsaki. "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zana fuskar mai ɓoye magana? Tun kina cewa daga sama na ga ya gane. Saƙon nan da ya ba ki, wa kike tsammani ya aika wa?"

Hawayen da Chiharu ta riƙe tun daga tasha suka zubo. Ta juya za ta hau tudun. "Bari in koma in faɗa masa da bakina."

Tsohuwar ta riƙe ta gam. "Ki koma ki sauke kayanki a kansa, ke ki ji sauƙi, shi ya kwana da su? A'a. Ya zaɓi ya bar ki a matsayin wadda ta yi masa faɗa. Yau an karɓe masa abu ɗaya, ki bar masa wannan."

Wayar Chiharu ta yi ƙara a jaka. Ta san ko wane ne, ba ta taɓa ta ba. Bas ya ɓullo daga kwana yana tahowa a hankali.

"Ban ce na yafe miki ba," in ji Fusae, tana gyara mata wuyan riga. "Ni zan zauna da shi gobe da safe, lokacin da zai tashi ya wanke alƙalumansa ya rasa abin da zai yi da su. Amma Larabar farko ki zo, kamar kullum."

"Mama, ai babu shafukan da zan karɓa."

"Na sani. Ki zo ya nuna miki ambaliyarsa, ki tsefe masa ita kamar za a buga. In kika ce masa ta yi kyau kawai, ni da ke ne."

Ƙofar bas ta buɗe. Chiharu ta hau, ta zauna a bakin taga da zanen a kan cinyarta. Fusae ba ta nufi shagon tofu ba. Ta juya ta fara hawan tudun ita kaɗai, tana dafa bango.