Ranar da Kabiru Ya Janye Tsani

Kabiru mahauci ne a kasuwar Talata Mafara. Da mahaifinsa Malam Buba ya sami shanyewar ɓarin jiki, sai ya ɗauko shi daga Faru, ya kama hayar gida kusa da asibiti. Gidan na wani Alhaji Nasidi ne da ke zaune a Bakura. Tsohon da ya saba wuni a gona ya koma kwance kan katifa, ba abin da ke ɗebe masa kewa sai talabijin. In ana nuna dambe har ɗaga hannunsa mai lafiya yake yi yana kai naushi a iska.

Guguwar farkon damina ta karya eriyar gidan, wadda ke kafe a kan kwano jikin wani dogon ƙarfe mai tsatsa. Hoto ya ɗauke, sai shuuu kawai. Kabiru ya sayo sabuwa, ya kira Alhaji yana neman izinin hawa. Alhaji ya ce kar wanda ya taka masa kwano. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ran nan ya bar teburinsa ya hau babur har Bakura, ya durƙusa a zaure. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da ruwa da jikin tsoho.

"Alhaji, zancen eriyar nan dai. Na sawo sabuwa, izini kawai nika so."

"Kai yaro, kwanon ga ya tsufa. In kun hau ya lotsa, wa za shi gyara min? Tsoho shi ji rediyo mana."

Kabiru ya miƙe, ya yi sallama. Sabuwar eriya ta zauna cikin kwalinta a ƙarƙashin gado. Malam Buba ya daina tambaya. Ya juya fuska bango, abinci ma sai an lallashe shi.

Wata rana da hantsi Kabiru yana tsakiyar yankan nama, matarsa Bushira ta kira shi a waya. Ta fito da tsohon inuwar tsakar gida ya sha iska, sai ta ji takun mutane bisa kwano. Mas'ud ne, ɗan Alhaji, wanda zai buɗe gidan kallon ƙwallo a shagon ƙofar gidan. Ya hau shi da wani mai gyara za su kafa farantin setilayit. Ba sallama, ba a ce mata su shiga ɗaki ba. Tsohuwar eriyar ta tare musu wuri, suka cire ta suka wurgo cikin gida. Ƙarfen ya faɗa kan randa, ɓaraguzan suka yanki tsohon a ƙafar da ba ya iya janyewa.

Kabiru ya shigo a guje, wuƙarsa na ƙugu. Ya ga ruwa gauraye da jini, ya ga mahaifinsa jiƙe sharkaf yana ƙoƙarin magana, baki ya ƙi. Ya zare wuƙar ya miƙa wa Bushira.

"Ɓoye wagga inda ba ni ganin ta."

Ya ɗaure wa tsohon ƙafa, ya mai da shi ɗaki. Sannan ya fita waje, ya sungumi tsanin da suka hau da shi, ya kwantar da shi a ƙasa, ya zauna a kai.

"Kai! Mai da tsanin nan!" Mas'ud ya daka tsawa daga sama. "Ka san gidan wa kake?"

"Gidan ubanka ne, na sani. Ni kuma nawa uban kunka jefa."

Rana ta take. Takalmansu suna ƙasa, don ba takalmi suka hau gudun santsi. Kwano ya ɗau zafi, suka fara ɗaga ƙafa suna saukewa. Mai gyaran ya tuɓe rigarsa ya tsaya a kai. Mas'ud ya yi zagi, ya yi barazana, ya koma roƙo. Maƙwabta suka taru, ba wanda ya taɓa tsanin, domin su ma an leƙa musu gidaje.

Mai unguwa Jatau ya iso, ya shiga ya ga tsohon, ya fito fuska a murtuke. Ya kira Alhaji ya ƙara muryar waya kowa na ji. Alhaji ya ce 'yan sanda zai turo.

Kabiru ya miƙe. "Su taho! Su taho su ga ƙafar tsoho! Ni ka ce ma kwano ya tsufa, Alhaji. Ga ƙarti biyu bisa da faranti, mi ya hana shi lotsawa? Har Bakura na tahi na durƙusa maka!"

Mai unguwa ya ce a yi haƙuri a sauko da su, kar wani ya suma ya faɗo. Kabiru ya ce ba mai saukowa sai an kafa eriyarsa. Mai gyaran ya rantse bai san da mutum a ƙasa ba, ya ce a miƙo eriyar. Aka ɗaure kwalin da igiya aka ja shi sama. Ya kafa ta, yana juyawa, har Bushira ta ɗaga murya daga ɗaki cewa hoto ya fito.

Sai a lokacin Kabiru ya jingina tsanin. Mas'ud ya sauko tafin ƙafarsa ya yi ja, zai wuce, Kabiru ya tare hanya.

"Shiga ka ba shi haƙuri."

Mas'ud ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya kau da kai. Ya shiga ya tsuguna gaban katifa ya furta, haƙoransa a cije. Malam Buba bai ko dube shi ba.

Da la'asar Alhaji ya aiko cewa in wa'adin hayarsu ya cika su bar masa gida. Kabiru ya ce ko bai ce ba za su tashi. Ciwon ƙafar tsohon ya daɗe bai warke ba, kullum Kabiru ya zo wanke shi sai ransa ya sake ɓaci. Kafin kaka suka koma wani gida a bayan kasuwar shanu.

Bayan nan aka yi haihuwa a gidan Alhaji, aka aiko Mafara sayen naman suna. Ɗan aiken bai san komai ba, ya tsaya teburin Kabiru don namansa ya fi kyau. Da Kabiru ya ji sunan mai saƙon, ya ajiye wuƙa, ya ce masa ya ƙara gaba.